Tawa ma haka ta yi mini, kada ka sayi kik tukuna

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar ni ne na rubuta ta. Ka ce tsohuwar bas ɗinka wata rana ta tashi lafiya lau, wata rana kuma ka murɗa makulli ka ji "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan, alhali fitilu suna kamawa, batir ma sabo ka saka, yanzu kuma bakanike ya ce sai an canza kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi in an murɗa makulli. Don Allah dakata, kada ka fitar da kuɗin nan tukuna.

Tawa ƙirar 1998 ce, mai shan fetur, kuma wata bakwai cur ta yi tana yi mini wannan abin. Akwai daren da har gobe ba na son tunawa da shi. Wajen ƙarfe biyu aka tashe ni, jikin mahaifiyata ya rikice, numfashinta na fita da ƙyar. Na ɗauko ta na kwantar a kujerar baya, matata ta riƙe ta, na shiga na murɗa makulli. Ƙas. Na sake. Ƙas. Na yi ya fi sau ashirin, hannuna na rawa, ina jin nishin tsohuwa a bayana, fitilun gaba kuwa tar sun haske bango kamar babu abin da ya samu motar. Na fito zan tura, ni kaɗai, gaban gidan kuma ɗan hawa ne, ko motsi ba ta yi ba. Haka na bi ƙofar maƙwabta ina bugawa ina kuka da girmana, har Allah Ya sa wani ya fito da motarsa. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma mintunan nan da na yi ina murɗa makulli ba su fita daga raina ba. Washegari da rana na dawo gida, na murɗa sau ɗaya, mota ta tashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mako biyu kafin daren nan na karɓo ta daga hannun bakaniken da na shekara biyar ina kai wa gyara. Da farko ya ce batir ne, na sayi sabo. Ya ce kik ne, na saya. Da ta sake yi, sai ya ce ai kik ɗin da na sayo ne jabu, wato laifin ma nawa ne. Daga nan ya koma kan makulli, ƙarshe ya ce kwamfutar motar ce ta fara mutuwa. A duk wannan zirga-zirgar ban taɓa ganin ya ɗora mitar auna wuta a kan komai ba. Yana tsaye hannu a aljihu zai saurara, ya ce abu kaza ne, yaransa su kwance. Da na je na gaya masa abin da ya faru da mahaifiyata, ko sannu bai ce mini ba, cewa ya yi tsohuwar mota ai sai haƙuri. Na yafe masa kuɗin, amma wannan maganar har yanzu tana nan a maƙogwarona.

Wani dattijo mai gyaran wayar mota ne ya gano abin, bai kai minti goma ba. Ya ɗauki wayar da ake jona batir da ita, guda ɗaya tak, ya maƙala ɗaya bakin a kan batir na negatif, ɗayan kuma a jikin ƙarfen inji, ya ce murɗa. Nan take ta tashi. Ya cire, na murɗa, ƙas. Ashe baƙar wayar nan mai kauri da ta tashi daga negatif ta kama jikin mota da inji ce ta ruɓe daga ciki. Ta waje lafiyarta ƙalau, amma da ya yanke robar sai ga koren gari, 'yan zaren da suka rage ba su fi a ƙirga ba. Ya ce mini fitilar gaba guda ɗaya wutar da take ja ba ta wuce amfiya 5 ba, shi kuwa kik yana jan sama da 100 a lokaci ɗaya. To 'yan zaren nan sun ishi fitila, amma ba za su iya ɗaukar kik ba. Shi ya sa don fitilunka suna kamawa kada ka ɗauka wuta tana isa. Yi wannan gwajin na wayar jona batir yau ɗin nan, ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu tukuna.

Kuma ka nemi mita, ko ta aro ce. Lafiyayyen batir da ya cika, mota a kashe, zai nuna wajen volt 12.6. In ka ga 12.2 rabinsa ya tafi. Ka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mitar: bai kamata ta sauka ƙasa da 9.6 ba. In ta faɗi warwas, batir ɗin ne, ko da sabo ne, don sabo ma yakan mutu idan ba ya samun caji. In kuwa ta tsaya cak a 12 da wani abu ga kuma ƙas ɗin, to wutar ce ba ta isa kik, ka bi wayoyi. Randa ta yarda ta tashi ka sake aunawa inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji yadda ya kamata. Kawunan batir ma ka kama su da hannu ka juya, in sun motsa ka cire ka kankare su har su yi haske. Negatif za ka fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe a mayarwa, kuma kada kowa ya matso da taba ko wuta, batir yana fitar da iska mai kamawa.

Ban ce ba zai yiwu kik ɗin ne ba fa. In ka yi duk wannan ba ta canza ba, ka sa a riƙe makulli a murɗe, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana a hankali. In ta tashi, yawanci burushin ciki ne ya cinye, kuma ana canza shi ba sai an sayi kik gaba ɗaya ba. Ba ka faɗa mana ko mai giyar hannu ce ba. In mai canza giya da kanta ce, ka gwada tayar da ita giya na kan N (firi) maimakon P (fakin), don akwai ɗan makunnin da ke hana ta tashi in ya tsufa.

Ka kuma lura da sautin sosai, don a nan aka yi ta ruɗa ni. Ƙas sau ɗaya daban, kar-kar-kar da sauri daban, wannan yawanci ƙarancin wuta ne. In kuma inji yana juyawa amma ya ƙi kamawa, to ka bar maganar kik kwata-kwata, ka koma kan mai da tartsatsin fulogi. Buɗe makulli kada ka tayar, ka kasa kunne wajen tanki, famfon mai yakan yi ɗan gunji na kamar daƙiƙa biyu. In shiru ne ka duba fis da rile, wato makunnin da ke ba famfon wuta, kafin ka taɓa famfon.

Har yanzu in na ga wani ya buɗe gaban mota a bakin hanya da dare sai na tsaya, ba na iya wucewa. Wayar jona batir ɗin nan kuwa ba ta fita daga ƙarƙashin kujerata. In ka auna, turo mana lambobin nan uku, na mota a kashe, na lokacin murɗa makulli, da na inji yana aiki, ka kuma faɗa mana ko ta fi yin haka da sanyin safiya ko bayan ta yi zafi. Ina nan ina dubawa. Allah Ya sa wayar ce kawai.