Tambayi Likita: Ina shan maganin tarin fuka, kaluluwa kuma sai girma take

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina cikin wata na biyu da fara maganin tarin fuka. Tarin ya lafa, cin abinci ya dawo, amma kaluluwar wuyana sai ƙara girma take. Ga jini da nake gani ba lokacin al'ada ba, alhali ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Uwar mijina ta ce maganin bai karɓe ni ba, in bari. Daga wata baiwar Allah, Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah 'yar'uwa, kada ki bari. Wata 6 ne cif: wata 2 na farko magani 4 a haɗe, sauran wata 4 magani 2. Mai yankewa a tsakiya shi ke janyo wa kansa tarin da ba ya jin magani.

Tarin fuka yakan danne garkuwar jiki. Da magani ya fara kashe ƙwayoyin cutar, sai garkuwar ta farfaɗo ta far wa ragowarsu da ke cikin kaluluwa, wurin ya kumbura, wani lokaci har ya fashe. Yawanci yakan sace da kansa. Duk da haka ki koma inda kike karɓar magani, ko Asibitin Zana da ke Kano, a taɓa wuyan a gani, don a tabbatar ba ƙwayar cutar ce ta gagari magani ba. Kada ki yarda wanzami ya tsaga.

Maganar jinin ita ta fi damuna, domin mata da yawa ba su san wannan ba sai ciki ya shiga. Rifampicin, maganin nan da ke mayar miki da fitsari ja, yana sa hanta ta narkar da sinadaran ƙwayar tazarar da sauri. Kina sha kullum, amma kariyar ta yi rauni. Ashanar hannu ma haka. Allurar wata 3 da robar mahaifa su ba ya taɓa su. Ki je sashen tazarar haihuwa cikin makon nan, a fara yi miki gwajin ciki, sannan a canza miki, kuma ki zauna a kai har kwana 28 bayan gama maganin.

Idan idonki ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiri na neman kayar da ke, a ranar za ki tafi asibiti. In da hali ki tafi da uwar mijin naki, ta ji bayanin daga bakin ma'aikaciya. Allah ya ba ki lafiya.