Hukuncin Yi Wa Ƙirƙira Rajista da Ƙera Tabarau na Zinare

Tambaya: Malam, ni maƙerin azurfa ne a Kano. Na ƙago wani maɗaurin hannun tabarau da ba ya saurin karyewa, ina son in yi masa rajista kada a kwaikwaye shi sai da izinina. Wani abokina ya ce wannan ɓoye ilimi ne. Kuma ina da niyyar yin firam ɗin da zinare, in haɗa da cokula da tandun kwalli na azurfa don amare. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillah. Allah Ya sa albarka a sana'arka, ɗan'uwa.

Rajistar halal ce, kuɗin da za ka samu ta dalilinta ma halal ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa ƙirƙira da wallafa da tambarin kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya, ana sayar da su, kuma haramun ne a taɓa su ba izini. Wasu malamai sun saɓa, suna ganin dukiya sai abin da hannu ke riƙewa. Na fi natsuwa da ra'ayin farko, domin ka ɓatar da kwanaki da ƙarfe da kuɗi kafin ka dace, ba adalci ba ne wani ya zo ya girbe gonar da bai nome ba.

Abokinka na nufin hadisin da ya yi wa mai ɓoye ilimi gargaɗi da linzamin wuta. Amma rajista bayyanawa ce: sai ka rubuta yadda abin yake aiki dalla-dalla kafin a ba ka takarda. A dokar Najeriya ta 1970 kariyar shekara 20 ce, bayan nan kowa ya ƙera. Roƙona dai kada ka tsawwala farashi, domin mai neman tabarau lalura ce ta kawo shi.

Sai dai takardar hukuma ba ta halatta abin da shari'a ta hana. Firam na zinare ya halatta ga mata, domin a mazhabar Malikiyya duk abin da mace ke sawa a jiki ya halatta gare ta. Ga maza haramun ne, saboda hadisin Sayyidina Ali kan zinare da alharini. Kada a kafa hujja da Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi, wanda Annabi (SAW) ya umarta da sa hancin zinare; shi hancin azurfar da ya fara sawa ne ya yi masa wari, mu kuwa ga roba ga ƙarfe. Firam na azurfa ga namiji ma ka bar shi, a zoben azurfa ne aka yi wa namiji rangwame.

Cokula da tandun azurfa kuwa haramun ne ga maza da mata, domin kayan amfani ne, ba na sawa ba. Hadisin Huzaifa a Bukhari da Muslim ya hana ci da sha a cikin zinare da azurfa, malamanmu kuma sun hana ko ajiye su. Ka yi su da tagulla.

Zinare da azurfar da za ka sayar wa mata, a biya ka nan take, hannu da hannu, ba bashi.

Wallahu a'alam.