Na karanta littafin da wata boka ce tauraruwarsa, wai sallata ta kwana 40 ta tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗaliba ce a jami'a, wata ƙawata ta ara min wani nobel na barkwanci mai suna Good Omens, labarin tashin duniya ne amma da wasa aka rubuta shi, akwai wata mayya a ciki Agnes Nutter da ta rubuta duk abinda zai faru har ƙarshen duniya kuma komai ya faru, gaskiya ta burge ni sosai nayi ta dariya. Shine yayata tace ai nayi daidai da wanda yaje wajen boka, sallata ta kwana 40 bata karɓuwa. Malam tun ranar hankalina a tashe yake.

AMSA: Wa alaikumus salam warahmatullah. Ɗiyata ki fara kwantar da hankalinki, sallarki tana nan. Hadisin da yayarki take nufi yana cikin Sahihu Muslim, cewa wanda yaje wajen ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba, toh ke ba kije wajen kowa ba, ba ki tambayi kowa gobenki ba, matar ma babu ita, marubuta biyu ne a Ingila suka ƙirƙire ta littafin ya fito a 1990. Ƙagaggen labari kuma in kowa ya san ƙage ne malamai da dama basu ɗauke shi ƙaryar da aka hana ba, ai a zaurukanmu ana karanta Maƙamatul Hariri kuma kowa ya san labaran tauraron littafin, Abu Zaid, ƙage ne, mu kanmu da Gizo da Ƙoƙi muka tashi. Kuma zuwan matsafi a cikin labari shi kaɗai ba laifi bane, Alƙur'ani ya bada labarin matsafan Fir'auna. Amma yayarki bata yi kuskure gaba ɗaya ba, ta ji warin abu ne sai ta nuna wurin da ba nan yake ba.

Kin ce mayya, ni kuma yadda na fahimci labarin matar nan ba mayya bace irin wadda Bahaushe yake nufi, mai kama kurwa. 'Yar duba ce. Kuma nan ne inda na tsaya, domin an gina labarin ne gaba ɗaya akan cewa ita kaɗai ce duk abinda ta faɗa bai taɓa faɗi ƙasa ba, shekara 300 da ɗoriya jikokinta suna bin littafinta layi layi kamar yadda mu muke bin nassi, in abu bai yi daidai ba sai ace su ne basu gane ba. Ki kwatanta wannan da hadisin Nana A'isha a Bukhari, da aka cewa Annabi (SAW) ai bokaye wani lokaci suna faɗan abu ya zama gaskiya, sai ya bayyana cewa kalma ɗaya ce ta gaskiya aljani yake fizgowa ya zuba a kunnen mutuminsa sannan su cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Kinga littafin ya juya lissafin kenan, ya cire ƙarya ɗarin ya bar miki boka mai gaskiya zalla. Allah kuma yace a Suratun Namli aya ta 65 babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi, sanin Sa'a, wato lokacin tashin alƙiyama, kuwa ƙarshen Suratu Luƙman ya rufe ƙofarsa. Na san kin san wasa ne, amma kalmar da kika yi amfani da ita "ta burge ni" itace ta sa na daɗe a nan, zuciya tana sabawa da abinda take sha'awa ko da a wasa ne, gobe in kika ga masu duba taurari a Facebook ko TikTok ba za ki ji ƙyamar da ya kamata ki ji ba.

Abinda yafi wannan nauyi kuma ba ki tambaya akansa ba. A littafin an sa mala'ika yana abota da shaiɗani suna haɗa baki su hana zuwan ƙarshen duniya saboda sun saba da daɗin duniya, alhali Allah yace mala'iku basa saɓa abinda Ya umarce su, yace shaiɗan maƙiyinku ne ku riƙe shi maƙiyi. Wanda Kiristoci suke ɗauka a matsayin Dujal an maida shi yaro ɗan shekara 11 mai shiga rai, mu kuwa an koya mana neman tsari daga fitinar Dujal a ƙarshen tahiya. Wani zai ce ai tashin duniyar Kiristoci suke wa dariya ba namu ba, eh tsarin labarin daga littafinsu aka ɗauko, amma mala'iku da wuta da aljanna da ranar da mai shayarwa zata manta da jaririnta duk rukunin imaninmu ne, kuma Suratut Tauba aya 65 zuwa 66 ta sauka ne akan mutanen da suka ce wasa kawai muke yi. Suratun Nisa'i aya 140 ta hana zama inda ake izgili da ayoyin Allah, littafin da ke hannunki kina kwance akan katifa a hostel shima majalisa ce.

Wuri ɗaya zan baki gaskiya, in kin ji tausayin Agnes lokacin da mutanen ƙauye a labarin suka taru zasu ƙona ta, wannan tausayin daidai ne. Sunan Nutter ɗin ma na wata mata ce ta gaske, Alice Nutter, da aka rataye a Lancaster a 1612 tare da wasu bisa zargin maita. Kuma ba sai mun je Ingila ba, ina yaro na ga an jawo wata tsohuwa a unguwarmu mai sayar da daddawa, zaninta yana kwancewa, wai sai ta tsallake wani yaro da zazzaɓi ya kayar, yara suna jifanta, har yau ina ganin yadda take kare fuskarta da hannu ɗaya. Babu shaida babu alƙali. Shari'a bata yarda da haka ba, kuma Annabi (SAW) yace babu mai azaba da wuta sai Allah.

Toh hukunci: karatun da kika riga kika yi bai fitar da ke daga Musulunci ba tunda ba ki gaskata ba kuma ba kiyi nufin izgili ba, babu ramuwar salla babu kaffara, kiyi istigfari akan wuraren da kika yi dariya da abinda ba na dariya ba. Sake karanta shi dan nishaɗi, ko kallon fim ɗinsa, ko arawa wata, ban halatta miki ba, ki mayarwa ƙawarki ki faɗa mata dalili cikin lalama. In kuma an sa miki shi ne a kwas za kiyi jarabawa akai, ki karanta gwargwadon buƙata kina sane da inda ya saɓa aƙida. Ki nunawa yayarki wannan amsar, ki gode mata, ita kuma ta daina yanke wa mutane hukuncin salla da hadisin da ba a kansu yake ba. Wallahu a'alam.