Ku Tambayi Mama: Wuta ta cinye jarina, anya ina da ceto?

Tambaya: Mama, ina gaisuwa. Gwanjo nake sayarwa a kasuwar Kantamanto da ke Accra, ina zaune a Nima da yarana biyu. Gobarar farkon Janairun 2025 ta cinye rumfata da dilar da na ci bashi na saya. Har yau ban miƙe ba, ga mai gida yana neman hayar shekara biyu. A wani taron addu'a mai wa'azi ya ce ɗan Allah ba ya tsiya, wanda ya yi asara ya binciki cetonsa, ya shuka iri, wato ya ba da kuɗi. Na ba da ɗan abin da na ajiye, shiru. Yayata kuma cewa take in yi wadar zuci in kama bakina. Anya ni 'yar Allah ce kuwa?
'Yarki, daga Nima

Amsa: 'Yata, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri. Raina ya ɓaci da na karanta abin da aka faɗa miki. Wutar nan ba ta tsaya tambayar kowa addininsa ba. Ta ci rumfar mai zuwa coci, ta ci ta mai zuwa masallaci. An taɓa kawo wa Yesu irin wannan tunani, sai ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Yana cikin Luka sura 13, ki karanta da kanki.

Ceto kuwa ba a biyansa da sidi. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce. Yahaya 1:12 ta ce duk wanda ya karɓi Almasihu an ba shi ikon zama ɗan Allah, kuma ba a sa sharaɗin jari ba. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, tsawa ya sha. Baiko abu ne mai kyau, ni ma ina yi, amma wanda ya karɓi kuɗin abincin yaranki da sunan zai buɗe miki sama, ya cuce ki. Kada ki koma wurinsa.

Maganar yayarki ce na fi so mu zauna a kai, domin da gaskiya a ciki, sai dai ba ta cika ba. Bulus ya rubuta wa Filibiyawa yana ɗaure, ya ce ya koyi zama da wadar zuci, ya san ƙoshi ya san yunwa. Mutane suna tsayawa a nan. Ki ci gaba da karanta sura ta 4, za ki ga godiya yake yi musu saboda taimakon da suka aiko masa ta hannun Abafroditus, har ya ce sun kyauta da suka yi tarayya da shi cikin wahalarsa. Ashe mai wadar zucin nan ya karɓi taimako, bai kuma ji kunya ba. Shi ne kuma ya zauna ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila a Koranti don ya ci guminsa. Wadar zuci ita ce zuciyarki ta daina auna ƙaunar Allah da cinikin yini. Ba ta hana ki neman mafita, ba ta hana ki kuka.

Na daɗe ina lura da mu Kiristoci masu jin Hausa a Nima da Mamobi da Madina. Ba mu da yawa, akasarinmu danginmu suna can arewa, ga mu da zurfin ciki. Ran Lahadi a ɗaura zane mai kyau a ce lafiya lau, alhali tukunya ba ta hau wuta ba. To, in Afisawa 2:19 ta ce mu ba baƙi ba ne, iyalin gidan Allah ne, wa za ki ɓoye wa? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki sami shugabar zumuntar mata ta cocinku, ki faɗa mata bashin nan nawa ne, ba ragi. Ku kuma dattawan ikkilisiya da ke karanta wannan shafi, Yakubu a wasiƙarsa, sura 2, ya riga ya tambaye ku amfanin ce wa mai yunwa ya sauka lafiya ba ku ba shi komai ba. Ku sa ta a susu, wato adashe, ku ba ta ɗaukar farko.

Batun haya, dokar hayar Ghana ta 1963 ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba ba, ko da yake kowa ya san yadda ake yi a Accra. Kada ki tunkare shi ke kaɗai. Ki tafi da dattijo ɗaya daga coci, a yi magana cikin mutunci a nemi biya kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, akwai ofishin gwamnati mai sasanta rikicin haya. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare, ki gaida yaran.