Maigidana ya rasu a hatsarin mota, ƙanensa ya ce an yafe

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mazauniyar Tahoua ce. Wata biyu ke nan da mota ta buge maigidana a hanyar Ƙonni bayan magariba, yana tsallakawa da buhun gawayi a ka. Kafin a kai shi gidan likita rai ya yi halinsa. Direban ya zo gaisuwa da buhun shinkafa da jika 50, ƙanen maigidana ya ce ƙaddara ce, an yafe. 'Ya'yana uku, babbar shekararta tara. Ana ce mini shi ya tsallaka ba dubawa, don haka ba mu da haƙƙi. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Ba gaskiya ba ne, kuma na daɗe ina jin zafin irin wannan magana, domin shekarun da na yi a ofishin asurans nan Yamai sun nuna mini gidajen da ta jefa cikin yunwa.

Nijar na cikin ƙasashen da ke aiki da dokar asurans ta CIMA, ƙungiyar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka kan harkar asurans, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Sashe na 228 ya ce idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa, ba a hana diyya don kuskurensa, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Mutumin da ya ɗauko gawayin girkin gidansa ba mutuwa ya fita nema ba.

Kuɗin kuma ba daga aljihun direba za su fito ba, nan ne mutanenmu ke ruɗewa. Kamfanin da ya yi wa motar asurans shi ke biya: kuɗin jana'iza, da asarar abin da mamacin ke ciyar da iyali da shi, da raɗaɗin rashi. Ana lissafin ne da abin da yake samu, in babu takardar shaida a koma ga mafi ƙarancin albashi, wanda ya zama jika 42 a wata tun 2024. Doka ta ɗibar wa kamfanin wa'adi daga ranar rasuwa ya gabatar wa magada tayinsa.

Sai batun yafiya. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta ɗora diyya a kisan kuskure, ta kuma buɗe ƙofar yafewa ga iyalan mamaci. Amma diyya gado ce. Baffan yara na iya yafe abin da yake nasa, ba shi da ikon kyautar da rabon marayu. Ki yafe wa direban a zuciyarki in kin ga dama, ga shi ma ya zo da kansa bai gudu ba, wannan bai taɓa haƙƙin 'ya'yanki ba. Tuhumar kisa ba da niyya ba kuwa tana hannun mai shigar da ƙara na gwamnati, ba hannun dangi ba.

Na san kina cikin takaba. Ki wakilta yayanki ko kawunki ya je komisariya ko jandarmari, duk inda aka yi awon hatsarin, ya nemi lambar rahoton da sunan kamfanin asurans ɗin motar. A haɗa takardar rasuwa, ta aurenku, ta haihuwar kowane yaro, da ta zaman iyali da ke nuna magada. Na taɓa riƙe takardun wata baiwar Allah da suka kwanta sama da shekara saboda yaro ɗaya ba shi da takardar haihuwa. In naki ba su da ita, a fara neman ta a kotu tun yanzu.

Kada ki sa hannu ko dangwala yatsa a kan wata takarda sai an karanta miki ita da Hausa. In ta tabbata motar ba ta da asurans, mai motar da direban za a kai ƙara, a nan kam ki nemi lauya.