Ballard: garin da ruwan sha ya mayar unguwa

Malam, ka tambaya ko da gaske Ballard gari ne mai cin gashin kansa kafin ya zama unguwa a birnin Seattle na Amurka. Ƙwarai kuwa. A 1890 ya samu majalisarsa da magajin garinsa. Arzikinsa katako ne, musamman allunan rufin ɗaki, sai kamun kifi da baƙi 'yan Norway da Sweden suka riƙe.

Ƙarancin ruwan sha ne ya durƙusar da shi. Jama'a ta ƙaru, ruwan garin ya kasa, Seattle kuwa tana da shi. Aka kaɗa ƙuri'a a 1906, aka haɗe a 1907. Abin da ya fi taɓa ni, ranar haɗewar da baƙin ƙyalle aka lulluɓe ginin majalisar, kamar an yi mutuwa. Har gobe 'yan unguwar suna fita jerin gwanon ranar tsarin mulkin Norway duk 17 ga Mayu.