Daga kwalejin shekara biyu zuwa jami'a a Kalifoniya: ta ina zan fara?

Tambaya: Ina zangon farko a wata kwalejin al'umma a Kalifoniya da bizar ɗalibi. Ina so in koma Jami'ar Kalifoniya in karanta injiniyanci. Wasu sun ce in tara kiredit 60 kawai, shi ke nan. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, rabin magana suka faɗa maka. Gaskiya ne Jami'ar Kalifoniya, wato UC, tana son kiredit 60 na tsarin simesta, ko 90 na tsarin kwata, kuma ka kammala su a ƙarshen zangon bazara kafin shigarka. Amma ba kowane kwas ake ƙirgawa ba, kuma wanda aka ƙirga ma ba lallai ya shiga fanninka ba. Nan ɗalibai ke yin asarar shekara guda: jami'a ta karɓi kwas ɗin a matsayin na zaɓi, sashen injiniyanci ya ce bai san da shi ba.

Saboda haka tun yanzu ka tsayar da fanni da haraba biyu ko uku, wato rassan UC da ke garuruwa daban-daban. Ka buɗe shafin ASSIST, ka sa sunan kwalejinka da harabar da fannin, zai jera maka kwas da kwas, wanne ne ke tsayawa a madadin wanne. Abin da Davis ke nema ba lallai ya zo ɗaya da na Irvine ba. Ka buga takardar ka kai wa mai ba da shawara na kwalejin, ku tsara zanguna huɗu tare.

Lissafi shi ne ƙashin bayan tsarin. Kalkulas jeri ne, sai ka ci na ɗaya za a bar ka ka shiga na biyu, fiziks kuma yana jiran kalkulas. In ka ɗage shi zuwa shekara ta biyu, ba yadda za a yi ka gama a kan lokaci. Darussan gama-gari na Cal-GETC, tsarin da ya maye gurbin tsohon tsarin IGETC daga kakar 2025, suna da amfani, amma ɗalibin injiniyanci kada ya fifita su a kan darussan fanni. Kwasa-kwasan Turanci biyu na rubutu dai dole ne, da sakamakon C ko sama.

Mafi ƙarancin GPA, wato matsakaicin makinka, ga wanda ba mazaunin jihar ba 2.8 ne, mazauni 2.4. Wannan na buɗe ƙofa ne kawai. Injiniyanci na neman sama da haka sosai.

Akwai TAG, alkawarin gurbi daga haraba shida: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley, UCLA da San Diego ba sa ciki, haka ma wasu fannoni masu cunkoso. Ana cike shi a Satumba, ga haraba ɗaya tak, shekara guda kafin shiga. Babbar takardar neman gurbi kuma daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, ko da kana da TAG sai ka cike ta. A Janairu za ka sabunta makinka.

Batun biza: kada ka sauka ƙasa da kiredit 12 a zango ba da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba. In ka samu gurbi, su za su miƙa bayananka na SEVIS, rajistar gwamnatin Amurka ta ɗaliban ƙasashen waje, sabuwar jami'ar ta ba ka sabon I-20, takardar shaidar matsayinka na ɗalibi mai biza, bayan ta ga shaidar kuɗin shekara ɗaya. Kuɗin UC ga baƙo ya ninka na kwaleji sau da yawa, don haka ka sanar da masu ɗaukar nauyinka tun bana.